Ƙidayar Jama'a a Damargu Zamanin Mulkin Faransa: Me Littafin Kumandan Ya Ƙirga?

Ƙidayar jama'a ta farko da ta game ƙasar Nijar baki ɗaya an yi ta ne a shekarar 1977, watau shekara 17 bayan samun mulkin kai, kuma ta ba da mutum miliyan 5 da dubu 100 da ɗoriya. Duk wani adadi da mai bincike zai tarar game da wani gari ko wata gunduma kafin wannan shekara, in ban da ƴan binciken gwaji irin na 1959 zuwa 1960 da na 1963, daga wuri guda ya fito: daga littattafan da kumandan da mataimakansa suka cika a lokacin rangadi, aikin da Faransawa suke kira "recensement administratif". Masana tarihi sun daɗe da nuna cewa waɗannan alƙaluma ba abin dogaro ba ne ƙwarai. Manufar wannan bayani ita ce a duba lamarin ta wata fuskar da ba a cika kulawa da ita ba, watau fuskar harshe. Tambayar da aka yi da Faransanci, aka juya ta zuwa Hausa, aka amsa ta wani lokaci da Barbarci ko Buzanci, sa'an nan aka mayar da amsar cikin gurbin takarda da aka zana a Dakar, me ya rage a cikinta? Mun ɗauki Damargu a matsayin misali, ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Belbeji a jihar Damagaram, inda garuruwa irin su Falanko, Gangara, Olelewa da Jajiduna suke.

Ƙasar da aka zo ƙirgawa

Damargu iyaka ce tsakanin noma da kiwo. Tun kafin zuwan Turawa ita ce rumbun Azbin, domin daga nan ayarin Kel Owe suke ɗaukar gero, kuma ta cikinta hanyar fatake ta bi daga Tarabulus zuwa Gat, Agadas, Damagaram har Kano. Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairu na 1851, a nan ne ma ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Mazaunanta Dagira ne masu magana da wani karin harshen Barebari, da Hausawa, da Azbinawa da bugajensu, sai kuma Fulani. Abin da ake biya a wancan zamani, zakka ce ko gaisuwa ko rabon hatsin da gari yake ba Azbinawan da suke kare shi, bisa amfanin gona ko bisa gari duka ake yanka shi. Ba wanda ya bukaci sanin yawan kawunan da suke kwana a cikin kowane gida.

Faransawa sun ci Damagaram a watan Yuli na 1899, a watan Nuwamba kuma rundunar Foureau da Lamy ta gangaro daga Azbin ta cikin Damargu ta iso birnin. An kashe Musa, shugaban Imuzurag wanda ya fi kowa ƙarfi a ƙasar, a 1900, aka kafa bariki a Jajiduna a 1901, daga baya aka mayar da shi Tanut. Yehoshua Rash ya rubuta tarihin waɗannan shekaru na farko a littafinsa na 1973, kuma sunan da ya ba littafin, watau ƴan mulkin mallaka marasa ɗoki, ya dace da halin da suke ciki: hafsa ɗaya ko biyu da ƴan sojoji kaɗan, a ƙasar da ake kwanaki kafin a ratsa ta, ga kuma umurni daga sama cewa kowace ƙasa ta ci da kanta. Dokar kuɗi ta Faransa ta 1900 ita ta ɗora wa ƙasashen mallaka nauyin biyan kuɗin mulkinsu. Daga nan harajin kai ya samo tushe, ƙidaya kuwa hidimarsa take yi.

Yadda ake aikin

Akan aika sarkin kanto ya sanar da ranar. Kumandan ko mataimakinsa ya zo bisa doki ko raƙumi, tare da tafinta da magatakarda da gardawa. A tara gari a gindin itace ko a bakin rijiya, a kira masu gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gabato da mutanensa. Littafin yana da gurbin suna, da na shekaru, da na namiji ko mace, da na abin da suke kira "race", da na dabbobi, sa'an nan gurbin da ya fi duka muhimmanci: mai biya ne ko wanda aka yafe wa. Akan yafe wa yara ƙanana, da tsofaffi, da naƙasassu, da sojoji, amma shekarun da yaro yake shiga sahun masu biya sun yi ta canzawa daga wani lokaci zuwa wani. Jimlar masu biya ita ce ake ninkawa da kuɗin kai na shekarar, abin da ya fito shi ne bashin garin, kuma garin duka ne ake bi. Sarki da mai gari suna da ladansu cikin abin da suka tara.

Littafin nan guda shi ne kuma aka riƙa buɗewa in ana neman ƴan aikin tilas na gyaran hanya da ginin bariki, ko samarin da za a kai soja bayan dokar 30 ga Yuli 1919, ko yaran da za a sa lakwal, ko kuma yawan geron da kowane gida zai zuba a rumbunan tsimi da aka tilasta bayan yunwar 1931. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in "an rubuta ni" ya zama magana mai nauyi a bakin talaka. Wanda aka rubuta, an san inda za a same shi.

Tafinta da kalmominsa

Hausa tana da kalmomin ƙirga da yawa, kuma ba aikinsu ɗaya ba. "Ƙirga" da "ƙidaya" na abin da ake bi ɗaya bayan ɗaya ne. "Lissafi", "adadi" da "jimla" daga Larabci suka shigo ta hannun malamai da fatake. Akwai kuma tsohon tsarin ƙirgar wuri, inda hauya take 20, zangu 100, keso kuwa 20,000. Duk wannan ƙwarewa ta kasuwa ce, an gina ta a kan wuri, da kantun gishiri, da turmin zane, da damin hatsi. Mutum ba ya cikin abin da aka saba ƙirgawa a bainar jama'a. Uwa ba ta son a ce mata ƴaƴanta nawa, don gudun baki, haka ma makiyayi game da shanunsa. Wanda aka tambaya yakan amsa da "Alhamdu lillahi" ko "suna nan", kuma a wurinsa ya ba da amsa cikakkiya.

Kalmomin mulkin kuwa daga Faransanci aka ɗauko su, yawanci har da harafin da yake gabansu: "l'impôt" ya zama lanho, kamar yadda "l'école" ya zama lakwal. A gefen lanho akwai bodo, wadda ta fi yawo a bakin mutanen karkara. Ko kuɗin ma ba da lissafi ɗaya ake faɗinsa ba. Kumandan da tamma yake ƙirga, talaka kuwa da dala, kowace dala tamma 5, ta yadda in Bahaushe ya ce ashirin, a takarda 100 za a rubuta. Tafinta ne kaɗai yake riƙe da lissafin biyu a kansa, kuma wannan ba ƙaramin iko ba ne.

Babbar matsala tana ga kalmar "famille". Takardar ta ɗauka cewa akwai miji, da mata, da ƴaƴansu, a ƙarƙashin mutum guda da ake kira "chef de famille". Da wace kalma tafinta zai juya ta? In ya ce gida, ya haɗa duk wanda yake cikin danga ɗaya, ko da tukunyarsu ba ɗaya ba ce. In ya ce iyali, ya tsaya ga waɗanda mutum yake ciyarwa. In ya ce gandu, ya koma ga waɗanda suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, watau uba da ƴaƴansa masu aure, ko wa da ƙannensa. Dangi kuma ya wuce garin ma. Kowace daga cikin kalmomin nan huɗu za ta ba da adadi dabam a gida guda, kuma littattafan ba su faɗin wadda aka yi amfani da ita. Mai binciken da ya kwatanta girman "famille" a ƙidayar wani kumandan da ta wanda ya gaje shi, ya ga ta ragu, ya ce gandu ya fara watsewa, mai yiwuwa tafinta kawai aka canza.

Haka kalmomin dangantaka. Ɗan wan mutum ɗansa ne, ba ya bukatar wata kalma. Ɗan riƙo ma haka. "Yarona" tana iya nufin ɗa, tana iya nufin bara, ko almajiri, ko wanda asalinsa bawa ne. Bayan dokar 12 ga Disamba 1905 da ta hana cinikin bayi a Afirka ta Yamma ta Faransa, ba a son ganin kalmar bawa a takarda, sai waɗannan mutane suka narke cikin gurbin ƴaƴa ko na barori, gwargwadon yadda mai gida ya ga dama ya gabatar da su.

Sai batun suna, wanda a ganinmu shi ya fi ɓata littattafan. Kunya ta hana uba ko uwa su ambaci sunan ɗan fari, ta hana mace ta ambaci sunan mijinta, a wurin Fulani ma abin ya fi tsanani. Ga shi kuma mutum guda yana da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, da wanda sana'a ko tafiya ta ba shi. Wanda aka rubuta Abdu a rangadin farko, bayan shekara biyar sai a rubuta shi Tanko, ko Dogo, ko Ɗan Ladi. In magatakarda mai himma ne, ya zama mutum biyu, duka masu biya. In kuma garin ne ya fi wayo, mutum biyu masu suna Abdu su zama ɗaya. Matan da suke kulle ba a fito da su, abin da mai gida ya faɗa shi ake rubutawa. Budurwar da aka kai gidan miji a wani gari kuwa takan zauna a littafi biyu, ko ta fita daga duka biyun.

Shekaru da ido ake yanke su. Kumandan ya dubi yaro, ya dubi tsayinsa ko haƙoransa, ya ce ya isa biya ko bai isa ba. Mutane da abin da ya faru suke riƙe lokaci: an haife shi shekarar Kakalaba, ko bayan yaƙin Kawusan, ko shekarar fara. Magatakarda ya juya wannan zuwa "né vers", watau an haife shi wajen shekara kaza, kalmomin da suka bi dubban ƴan Nijar har cikin takardun makaranta da na fansho. Ga mai gida, ribar tana ga rage wa yaro shekaru da ƙara wa tsoho. Shi ya sa a irin waɗannan littattafai akan ga yara da tsofaffi sun yi yawa, matasa sun yi ƙaranci.

Gurbin "race" shi ya fi shafar masu nazarin harshe kai tsaye. A Damargu an rubuta Haoussa, Béri-béri, Dagra, Touareg, Bouzou, Peul, kamar dai kowane mutum yana da akwati guda da zai shiga. Amma tambayar "kai wane iri ne?" asali take nema, ba harshen da ake magana da shi a gida ba. Badagiren da kakanninsa suka yi Barbarci, shi kuwa Hausa ta fi masa sauƙi, Dagra za a rubuta shi. Buzun da ya zauna ya yi gona, ƴaƴansa suka tashi da Hausa, yana nan a gurbin Bouzou. Ƙari a kan haka, mulkin ya raba jama'a gida biyu: mazauna suna ƙarƙashin gari da kanto, makiyaya suna ƙarƙashin "tribu" da "groupement". Bugaje manoma da yawa suna zaune shekara da shekaru a gefen wani gari, suna shan rijiyarsa, amma ba su cikin littafinsa, domin lanhonsu ta hannun shugaban ƙabilarsu yake bi, ko da yana can nesa. Daga irin waɗannan jimloli ne littattafan da suka tsara harsunan yankin, kamar na Westermann da Bryan na 1952 da na Lavergne de Tressan da IFAN ta buga a 1953, suka samo yawancin adadin masu magana da kowane harshe, domin ba su da wata madogara. Abin da aka ƙirga asali ne, aka karanta shi a matsayin harshe. A ƙasa irin Damargu, inda Hausa ta daɗe tana zama harshen kasuwa da na tsakanin ƙabilu, wannan karatu rage mata yawa yake yi. Yanzu da kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, za a ƙara komawa ga tsofaffin alƙaluman don a auna yaɗuwarta, kuma ya kamata mai komawa ya san abin da yake riƙe da shi.

Matattu da waɗanda suka tashi

Bisa ƙa'ida kowane kanto ana sake ƙirga shi bayan ƴan shekaru. A aikace ma'aikata ba su isa ba, sai a ɗauki jimlar bara a ƙara mata wani abu, domin kumandan da adadinsa ya ragu sai ya yi bayani, wanda nasa ya ƙaru kuwa yabo yake samu. Tsakanin rangadi da rangadi, wanda ya mutu yana nan a rubuce, kuma masu rai ne suke biya masa.

Damargu ta sha wannan sau biyu a jere. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane da dabbobi, ta kori wasu zuwa kudu. Kafin a farfaɗo sai ga yaƙin Kawusan, wanda ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan an murƙushe shi Faransawa suka kwashe mutanen Azbin da yawa zuwa kudu, wasu suka zauna Damargu, wasu suka zarce ƙasar Kano. Stephen Baier ya bi sawun wannan rugujewa a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, tare da mutuwar fataucin hamada bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Inda aka fi samun shaida a rubuce kan illar littafin da bai bi mutuwa ba shi ne yammacin ƙasar, lokacin yunwar 1931. Binciken da sufeto Bernard Sol ya yi ya nuna cewa an kumbura alƙaluma, ana karɓar haraji a kan matattu da waɗanda suka gudu, kuma gwamna Blacher ya bar kujerarsa a kan wannan al'amari. André Salifou da Finn Fuglestad duka sun yi rubutu a kansa.

Gudu kuwa yana da sauƙi, tun da iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta raba harshe ko dangi ba. A wancan gefen Ingilishi ma suna ƙirga don haraji da jangali, a ƙasar Kano har gonaki suka auna da taki, kuma a kudancin Nijeriya jita-jitar za a ƙirga mata don a sa musu haraji ita ta tayar da boren matan Aba a 1929. Bambancin nauyin haraji da aikin tilas shi ne yake nuna wa talaka gefen da zai kwana.

Akwai kuma wata tafiyar da ba gudu ba ce. Daga shekarun 1920 zuwa gaba manoma daga kudu, daga ƙasashen Tasawa, Kance da Damagaram, suka riƙa hawa arewa neman sabuwar gona, suna kafa tunga a dajin Damargu. Hausa ta bambanta gari, ƙauye, unguwa, tunga, zango da ruga. Takarda kuwa "village" kaɗai ta sani, watau wurin da yake da mai gari da littafi. Tunga sai a rataya ta ga garin da mutanenta suka fito, ko da yana wani kanto, ko a zuba mutanenta cikin abin da ake kira "population flottante", jama'ar da ba ta da mazauni. Ta haka wuri yakan yi shekara 20 da rijiyarsa da masallacinsa kafin ya bayyana a takarda. Ranar da sunan gari ya fara fitowa a littafin bariki, ranar da aka ba shi mai gari ce, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin ranar kafuwarsa. Wanda zai rubuta tarihin garuruwan kudancin Damargu, irin su Falanko, dole ya haɗa littafin da jerin masu gari da tarihin rijiyoyi da dattawa suke riƙe da shi.

Daga 1946 zuwa 1977

A 1946 aka soke aikin tilas da dokar "indigénat", sa'an nan zaɓe ya shigo. A karo na farko shiga littafi ya zo da wani abu da mutum zai so, watau ƙuri'a, ko da yake lanho yana nan. Binciken gwaji na 1959 zuwa 1960, wanda masana lissafin jama'a suka yi ta hanyar zaɓen wasu garuruwa, bai shiga yankin makiyaya ba. Sai a 1963 aka yi wani na dabam a kansu a arewacin Tawa. Irin waɗannan bincike, a Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka, sun nuna cewa ƙidayar bariki takan bar mutane da yawa a waje, musamman yara da mata. Gwamnatin mulkin kai ta gaji littafin kamar yadda yake, ta ci gaba da aiki da shi, ta kuma gaji rabon mazauna da makiyaya, wanda dokar Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ƙara wa ƙarfi. Sai a ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom ya shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta sauke harajin kai na ƙasa, a daidai lokacin da aka yi ƙidayar 1977, wadda masu yin ta suka bi gida gida suka ƙirga mutum a inda yake zaune. An sake yi a 1988, da 2001, da 2012. Ta 2012 ta ba ƙasar mutum miliyan 17 da ɗoriya, ta ba gundumar Tanut fiye da 400,000, Belbeji kuwa, wadda aka cire daga Tanut a 2011, kusan 100,000.

Mai son ya jera waɗannan alƙaluma da na zamanin bariki zai gamu da wata wahalar ta ƙarshe, ita ma ta harshe. Sunayen garuruwa da kunnen Bafaranshe aka rubuta su, ba tsawon wasali, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Jajiduna ta zama Djadjidouna, Falanko takan fito Falenko, kuma Sabon Gari, Sabon Kafi da garuruwan da suka fara da Gidan ko Garin suna da yawa a kanto guda. Kafin a kwatanta adadi biyu, sai an tabbatar gari ɗaya ake nufi, kuma hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauki sunan mai garin da aka rubuta a littafin, a je a tambayi jikokinsa.